Furfura Ba Ta Hana Ilmi

'Yan'uwana mata, ina da gwaggo a Dangoma ta ƙasar Kalgo. Ta haura shekara 50 kafin ta fara jin kalmar manɗiƙi, wato ilmin auna magana. Wani malami ne ya gaya mata cewa mai littafin Ahalari, inda ta koyi alwala da salla, shi ne kuma ya wallafa Sullamu a kan wannan fanni. Ta ce lalle ita ma sai ta ɗanɗana.

Ga darasin farko da muka yi, ke ma ki gwada. In an ce miki bazawara ta taɓa aure, ba sai kin aiki yaro ya bincika ba, ma'anar kalmar kanta ta tabbatar da zancen. Amma in an ce bazawarar gidan wane ta sami miji, wannan kam sai da shaida. Gwaggo ta yi shiru. Can ta ce ashe wata uku tana gaba da surukarta a kan maganar da ba wanda ya kawo mata shaidarta.

Kada ki ce kin tsufa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, dattijan mata take naɗawa jaji, su riƙa kawo mata 'yan taru daga ƙauyuka neman karatu.

Yanzu duk mai kai wa Gwaggo labari, sai ta tambaye ta, "Gani kika yi, ko ji kika yi?"