Daga gandun W zuwa Gadabeji: ina ake samun natsuwar daji a Nijar?

Duk wanda ke zaune a Maradi, Damagaram ko Yamai ya san yadda hayaniya ke cin rai: kabu-kabu, injin niƙa, lasifikar biki, ga waya da ba ta barin mutum ya huta. Shi ya sa wasu ke neman kwana biyu ko uku a gandun daji. Da yawanmu muna ɗauka wannan harkar Turawa ce, alhali gandayen a ƙasarmu suke.

Mafi suna shi ne gandun W, kimanin kilomita 150 kudu da Yamai. Sunan ya samo asali ne daga yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W. An kafa shi a 1954, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Ɓangaren Nijar kaɗai ya kai kadada dubu 220, sauran dajin ya shiga Benin da Burkina Faso. Akwai giwa, ɓauna, zaki, dorina da gwanki, ga tsuntsaye fiye da iri 350.

To me ke kawo natsuwar? Na farko, dokar wurin ce. Ba a farauta, ba a sare itace, ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma shi zai ce maku ku yi ƙasa da murya, don dabba na jin motsi da ƙanshin mutum tun daga nesa. Na biyu, lokaci. Ana fita ne daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana namun daji na kwance a inuwa, baƙo ma sai ya nemi gindin kuka ko tsamiya ya zauna. Na uku, jira. Wanda ke son ganin giwa a bakin ruwa sai ya yi zaman awa guda ko fiye, ba magana, ba latsa waya. A cikin wannan zaman ne kunne ke fara rarrabe kukan kurciya da na zabon daji, zuciya kuma ta daina gaggawa. Makiyayanmu sun daɗe da sanin wannan.

Sai dai a faɗi gaskiya: yau shiga W ba abu ne mai sauƙi ba. Ƴan bindiga sun samu maɓoya a dajin da ke kan iyakokin ƙasashen uku, baƙi sun janye, masu jagora da masu masauki a Tapoa sun rasa abin yi. A Kure ma, inda raƙuman dawa suke, harin 9 ga Agustan 2020 ya hallaka mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu. Don haka kada kowa ya kama hanya sai ya tuntuɓi hukumomi da jami'an gandun daji.

Mu nan jihar Maradi muna da namu kusa. Gandun Gadabeji, a arewacin Dakoro, an keɓe shi tun 1955, faɗinsa kadada dubu 76. Ba giwa ba zaki, amma akwai barewa da dila, ga fili fetal mai aduwa da tuddan rairayi. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, tafiyar fiye da kilomita 800, aka sake su a can. Irin wannan raƙumin dawa na yammacin Afirka a Nijar kaɗai ya rage. A 1996 saura 49 kacal, yanzu sun haura 600.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafi ya kankama. Ya riƙe isasshen ruwa, kada ya kunna kiɗa, kada ya yar da leda, kuma kada ya bar wuta ko guntun taba, don ciyawa ta bushe, gobarar daji kuwa tana cinye abincin namun daji da na dabbobin Fulani da Buzayen da ke kiwo a kewaye. Makarantu da ƙungiyoyin matasa na iya haɗa kuɗin mota su kai yara, su ga raƙumin dawa ido da ido, ba a hoto ba.