Laba da Niyuton: Awon da Ya Ci Kumbo

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwanni biyu ya san mudun wani gari ba shi ne na wani ba. In aka ce maka "mudu goma", sai ka tambaya: na ina? Haka abin yake wajen auna ƙarfi, wato turi ko jan da ke sa abu ya motsa. Yawancin duniya da niyuton take awo, Amurka kuwa har yau tana riƙe da labar da ta gada daga Ingila.

Niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da zai riƙa ƙara wa abu mai kilo ɗaya saurin mita ɗaya a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa. Ba wani abin kirki ba ne. Ɗora ƙwan kaza biyu a tafin hannunka, ka ji kusan niyuton ɗaya ke nan.

Laba ce mai fuska biyu, kuma a nan ɗalibai suke tuntuɓe. Akwai labar sikeli, wadda take kilo 0.4536. Akwai kuma labar ƙarfi, wato jan da ƙasa take yi wa waccan labar ta sikeli. Tun da ƙasa tana jan kowane kilo da niyuton 9.81, sai a ninka 0.4536 sau 9.81, a sami kusan 4.45. Lissafin ke nan gaba ɗaya: daga laba zuwa niyuton ka ninka sau 4.45, in za ka dawo ka raba. Buhun siminti mai kilo 50 yana danne ƙasa da niyuton 490, wato laba 110. Hatta mai faci da ke cewa ya sa wa taya iska 32, laba 32 yake nufi a kan kowane murabba'in inci, ko ya sani ko bai sani ba.

Ganin sauƙin lissafin ne yake sa a raina shi. A Disamban 1998 hukumar NASA ta harba kumbon Mars Climate Orbiter, mai kimanin dala miliyan 125, don ya nazarci yanayin duniyar Mars. Manhajar kamfanin Lockheed Martin, wanda ya ƙera shi, tana fitar da turin ƙananan injinansa da laba, masu saita hanyarsa kuma suna karanta alƙaluman a matsayin niyuton. Kowane ɗan turi sai a lissafa shi bai kai rubu'in gaskiyarsa ba. Wata tara ana wannan, kuskure na taruwa. Abin takaicin, wasu daga cikin masu saitin sun lura lissafi ba ya haɗuwa, amma ba a bi diddigi ba.

Ranar 23 ga Satumban 1999 kumbon ya isa. An tsara ya gifta kilomita 226 daga saman Mars, sai ya sauko zuwa kamar 57, alhali ƙasa da 80 ba zai jure ba. Ya kewaya bayan duniyar, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.