Matakan Da Za A Bi Idan Kwamfutar Hannu Ta Ƙi Ɗaukar Caji

Kwamfutar hannu, wadda aka fi sani da tabilet, ta shiga ayyukan hukuma har a karkara. A zaɓen watan Fabrairu na 2023 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta tantance masu jefa ƙuri'a da na'urar BVAS, ciki har da rumfunan Birchi, Rawayau, Tsauri da Wurma a ƙaramar hukumar Kurfi. Haka nan ma'aikatan lafiya da masu ƙididdiga kan tattara bayanai da irin waɗannan na'urori. Duk ranar da ta ƙi ɗaukar caji aikin yini guda ya tsaya, bayanan da ba a aika ba kuma suna iya salwanta.

Sau da yawa na'urar lafiyarta lau, matsalar tana ga soket, ko caja, ko ƙura, ko zafin rana. Saboda haka ana shawartar jama'a da su bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya kafin su biya kuɗin mota zuwa wurin mai gyara a Dutsin-Ma ko Katsina.

Na farko: a duba wutar

A jona wata na'ura a soket ɗin a ga ko akwai wuta. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya ita ce bolt 230, amma wutar layi ko ta ƙaramin janareta takan yi ƙasa ko ta riƙa hawa da sauka. A canza soket, a kuma guji allon jone-jone da aka cika da cajoji, kamar yadda ake gani a wasu shagunan cajin waya. Masu amfani da sola su tabbatar batirin solar yana da wuta, musamman da asuba ko a ranakun hazo.

Na biyu: caja da igiyarta

Igiya ita ce ta fi saurin lalacewa, domin wayoyin cikinta kan tsinke a wuya saboda yawan lanƙwasawa, alhali daga waje tana nan kamar sabuwa. A gwada wata igiya da aka san tana aiki, sannan a gwada wani kan caja. A karanta rubutun da ke jikinsa: yawancin kwamfutocin hannu suna buƙatar bolt 5 da amfiya 2, wato wat 10. Cajar ƙaramar waya mai amfiya 1 ko ƙasa da haka ba za ta ishi babban batirin tabilet ba. Za a ga alamar caji amma lambar ba ta motsi, wani lokaci ma tana raguwa idan fuskar na'urar a kunne take.

Na uku: ƙura a bakin caji

A lokacin hunturu ƙura da zaren aljihu kan taru a ramin caji har su hana kan igiya shiga sosai. A kashe na'urar, a haska ramin da tocila, a fitar da dattin a hankali da busasshen tsinken sakace ko buroshi mai laushi. Kada a sa allura, fil ko wani ƙarfe, domin suna karya siraran haƙoran da ke ciki. Idan ruwa ko gumi ya shiga, a bar ta ta bushe a inuwa kafin a jona.

Na huɗu: zafi

Batirin waɗannan na'urori nau'in litiyom ne, kuma an yi shi ne ya ɗauki caji tsakanin digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin salshiyos. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankinmu kan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin mota ko akwatin babur. Idan batir ya yi zafi, na'urori da yawa kan dakatar da caji da kansu domin kariya. A cire mata riga, a ajiye ta a wuri mai iska ta huce. Ba a sa ta a firji, ba a kuma ɗora ta kan randa mai laima.

Na biyar: batirin da ya ƙare ƙarƙaf

Na'urar da ta yi makonni a kulle cikin kabad tana iya ƙin nuna komai da zarar an jona ta. A bar ta a caja mai kyau na minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 20 zuwa 30. A wasu samfura sai an haɗa da maɓallin rage sauti.

Lokacin da ya kamata a dakata

Idan bayan na'urar ya kumbura, ko gilashinta ya ɗago, ko ana jin wari ko zafin da hannu ba ya iya jurewa, a cire ta daga wuta nan take, a nisanta ta da katifa, fetur da yara. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, don haka kada a matse shi ko a huda shi. Haka kuma a guji cire batir a ɗaura masa wayoyi kai tsaye.

Jan hankali ga ma'aikata

Na'urar da hukuma ta bayar amana ce, kuma tana ɗauke da sunaye da bayanan jama'a. Kada ma'aikaci ya kai ta kasuwa a buɗe ta, ko ya yarda a goge ta gaba ɗaya da sunan gyara, domin hakan yana share duk abin da ba a aika ba. A sanar da shugaban sashe a rubuce, tare da lambar na'urar da matakan da aka riga aka gwada.

Daga ƙarshe, ana kira ga shugabannin sassa da su tabbatar ana aika bayanai a ƙarshen kowane yini, ana ajiye kowace na'ura da cajarta ta asali, sannan waɗanda ke ma'aji ana barin su da kimanin rabin caji, ana kuma duba su lokaci zuwa lokaci.