Gashi Daga Cikin Jiki: Kada A Tsaya A Rabin Hanya

Cikin cututtukan daji da ke kama mata a Nijeriya, in an ɗebe na nono, babu wanda ya kai na bakin mahaifa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da shi a duniya, wajen 350,000 kuma suka mutu. Duk da haka a kan warke, in an zo asibiti da wuri, aka kuma bi magani har ƙarshe. A wannan wata muna so mu bayyana wani sashe na maganin wanda ya kan ba mata tsoro, watau gashi daga cikin jiki.

Gashin nan ba da wuta a ke yinsa ba. Da wani haske ne wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi ƙwarai. In ya bugi ƙwayoyin dajin sai ya lalata su, su kasa yaɗuwa. Amma yana taɓa nama mai lafiya ma. Mahaifa kuwa tana tsakanin mafitsara da hanjin bayan gida, saboda haka likita ba shi da halin saki mata dukan ƙarfin hasken daga waje.

Dukanmu mun san wanda ke kusa da garwashi shi ya fi jin zafi. Haka hasken nan ya ke: in nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa ya kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Domin wannan a kan shigar da abin da ke fitar da hasken har wurin ciwon, ya gasa shi sosai, maƙwabtansa kuwa kaɗan zai same su.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano wani ƙarfe mai suna radiyom a birnin Faris, ta ƙasar Faransa. Ba a daɗe ba likitoci suka fara zuba shi cikin ƙananan bututu suna sawa cikin mahaifa. A 1938 masana a Manchesta, ta Ingila, suka fito da tsarin awo wanda asibitoci da yawa suka bi. A zamanin nan mace ta kan kwanta rigingine kwana biyu ko uku da abin a jikinta, a ɗaki ita kaɗai. Yanzu an bar radiyom, iridiyom ko kobalt a ke amfani da su, aikin kuma ya yi sauri.

Ga yadda a ke yi. Za a yi wa mace allurar kashe zafi ko ta barci. Likita ya sa siririn bututu ta bakin mahaifa, da waɗansu ƙanana a gefensa. Har yanzu babu kome cikinsu. Sa'an nan a ɗauki hoto, kwamfuta ta lissafta yawan hasken da ya kamata. Daga nan a haɗa bututun da na'ura, ma'aikata su koma ɗaki na kusa inda su ke ganin matar, suna kuma magana da ita. Na'urar ta turo ɗan ƙarfen, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya yi 'yan mintoci, ta janye abinta. A zare bututun, an gama na ranar. Galibi a kan maimaita sau uku ko huɗu, bisa ga yadda likita ya gani.

Ya ku masu karatu, ga abin da mu ke so kowane gida ya riƙe. Yawanci a kan fara da gashin waje, wajen mako biyar. A lokacin nan jini ya kan tsaya, mace ta ji sauƙi, kuɗi kuma sun yi ƙasa, sai dangi su ce a koma gida. Wannan babban kuskure ne, gama gashin ciki shi ke ƙarasa sauran ciwon. Likitoci suna so a gama duka biyu cikin mako takwas, domin in an jinkirta, ƙwayoyin da suka rage su kan sake tsirowa. Asibitocin da ke aikin gashi ba su da yawa, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da Asibitin Ƙasa a Abuja. Saboda haka tun da fari a yi shirin kuɗin mota, da masauki, da mai jinya, da wanda zai lura da yara.

Kada kuma a guje ta in ta dawo. Ba ta ɗauko hasken a jikinta ba. Ta iya rungumar jikokinta, a ci tuwo kwano ɗaya da ita. Gajiya, da gudawa, da zafin fitsari su kan zo, su kan kuma lafa. Amma haihuwa ta kan tsaya, al'ada ta ɗauke, gaban mace kuma ya kan bushe ya tsuke. Maigida ya yi haƙuri, su tafi tare su nemi shawarar likita ba tare da jin kunya ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ita ke haddasa kusan dukan irin wannan ciwo, a watan Oktoba na 2023 kuwa Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta. Mu kai 'ya'yanmu. Matar da ta ga jini bayan kwana da miji, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ko ruwa mai wari, kada ta ɓoye. Ta je asibiti a cikin makon nan.