Akwatin Waƙa da Lafiyar Kunne

'Yan'uwa, a da in muna son jin waƙa sai mu je wurin makaɗa, ko gidan mai garmaho. A shekarar 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da ɗan akwatin kaset mai suna Walkman. Mutum ya kan rataya shi, yana tafe yana saurare. Yau kaset ya ja baya. Akwatin da mu ke gani a kasuwa yanzu memori a ke sa masa, watau ɗan kati kamar farce. A ciki a kan zuba karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da waƙoƙin Shata. Muna zuwa da shi gona, muna zuwa da shi kiwo.

Abu ne mai amfani. Amma in ba mu iya da muryarsa ba, zai ci kunnenmu.

Yadda ƙara ke ɓata kunne

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan gasu ƙanana ƙwarai. Ido ba ya ganinsu. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa ta kan kwantar da su, kamar yadda iska ke kwantar da gero. In an daɗe ana yi, sai su mutu. Gero in ya lalace a kan sake shuka. Waɗannan gasu kuwa ba su sake tsirowa. Kuma ba su yin zafi sa'ad da su ke mutuwa. Sai dai wata rana mutum ya ga yana ta cewa, "Me ka ce?"

Masana suna auna ƙara da ma'auni mai suna desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya jin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cuta ba. In ƙarar ta kai 90, awa 4 kaɗai ya kamata ya ji a mako. Ku duba, ƙari kaɗan ne, amma lokacin ya ragu ƙwarai.

Yadda za mu daidaita murya

1. Kafin mu kunna, mu mai da muryar ƙasa. Sa'an nan mu riƙa ƙarawa a hankali.
2. Mu raba ƙarfin muryar kashi 10. Kada mu wuce kashi 6.
3. In mun sa abin ji a kunne, wanda samari ke kira iyafis, mu gwada. In wanda ke kusa da mu ya yi magana ba mu ji ba, muryar ta yi yawa.
4. Kada mu ƙure murya don mu danne ƙarar injin niƙa ko babur. Ƙara biyu ke nan a kunne ɗaya.
5. Bayan awa guda mu cire, kunne ya huta. In ya soma kuka kamar gyare, gargaɗi ne. In kukan bai daina ba, a je asibiti.

Yara sun fi bukatar kula. Kada a bar su su ƙure murya.

Wane iri za mu saya?

Kada ado ya ruɗe mu, ko kurin mai sayarwa cewa nasa ya fi kowane ƙara. Mu ce a kunna mana nan take. Mu saurara da ƙaramar murya. In magana ta fita sarai, akwatin na kirki ne. In sai an ƙure kafin a gane, ko yana ƙarar garwa, mu bar masa abinsa.

Mu taɓa abin murɗa murya. Mai kyau a hankali ya ke hawa, ba ya tsalle daga shiru zuwa ihu.

Inda babu wutar lantarki, mu nemi mai caji da rana, ko wanda a ke iya sake masa batir. Mu tabbata yana karanta memori, yana kuma kama tashar rediyo don jin labarai.

In akwati ya lalace, ranar kasuwa a sayi wani. Kunne kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Tambayoyi

1. Me ƙara ke yi wa gasun cikin kunne?
2. Kashi nawa cikin 10 bai kamata mu wuce ba?
3. Yaya za mu gwada akwati kafin mu biya?