Jan ruwan da ke fitowa daga wurin gini: ta yaya ake raba shi da laka?

Ka taɓa wucewa ta gefen filin da ake sabon gini bayan an sheƙa ruwan sama? Ruwan da ke gangarowa lambatu jajawur yake, kuma wannan launin ƙasar filin ce ke tafiya. An kankare ciyawa, tifa ta zube yashi, babu abin da zai riƙe ƙasa. Ita ce ke zuwa ta cike kwalbati, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai unguwar da ke gangare ta sha ambaliya. Wadda ta kai rafi kuwa takan binne ƙwan kifi.

Shi ya sa a Amurka, duk ginin da zai tone fili mai girman eka 1 ko fiye sai ya nemi izini, tare da tsarin tare lakarsa. Abin da aka fi kafawa shi ne shingen yadi: saƙaƙƙen yadin roba da ake ɗaurewa jikin turaku ta ɓangaren gangare, a binne bakinsa na ƙasa cikin rami. Da ka gan shi za ka ce rariya ce. To, gaskiya tacewar kaɗan ce, don ramukan yadin sun fi ƙwayar yumɓu girma nesa ba kusa ba. Babban aikinsa shi ne ya tare ruwa ya tsaya cik, nauyin ƙasar ya ja ta ƙasa.

Gwada da kanka. Zuba ƙasa cikin kwalbar ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Kafin ka juya yashi ya kwanta, amma ko gobe ka dawo ruwan bai washe ba. George Stokes ya bayyana lissafin wannan tun 1851: idan ka rage kaurin ƙaramar ƙwaya da rabi, saurin nutsewarta zai ragu sau huɗu. Ƙwayar rairayi mai kaurin milimita 0.1 takan nutse mita ɗaya cikin kamar minti 2. Ta yumɓu mai milimita 0.002 kuwa sai ta yi wajen kwana 3. Wane shinge ne zai riƙe ruwa har kwana 3?

Don haka a manyan ayyuka ake haƙa kududdufi, ruwan ya huta a ciki, wani lokaci a zuba sinadarin da ke haɗa ƙananan ƙwayoyin su dunƙule su yi nauyi. Idan ka taɓa ganin an jefa alif cikin randar ruwan rafi, ai ka san dabarar.

A ganinmu, duk wannan gyara ne bayan ɓarna. Rufe tsibin yashi da tamfol, ko barin ciyawa inda gini bai kai ba, ya fi arha. Shi kansa shingen, in ba a binne bakinsa ba, ta ƙarƙashi ruwan zai bi ya wuce abinsa.