Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Bai San Iyaka Ba

Mu manoman Maska da Funtua da Malumfashi, kowa ya san iyakar gonarsa. Amma wa ya san iyakar ruwan rijiyarsa?

Ƙasarmu a kan dutse take zaune. Ruwanmu yana maƙale ne cikin rubabben dutse da tsagogi, shi ya sa rijiya kan ja baya da bazara. Amma kusa da Funtua ne Gulbin Sakkwato ya faro. Ruwan da ya kwaranya daga gonakinmu yakan gangara ƙasar Sakkwato, inda ƙarƙashin ƙasa rairayi ne mai shan ruwa. Wannan babban rumbun ruwa masana suna kiransa Iullemeden, watau sunan wata ƙabilar Buzaye. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 500,000, ya ratsa Nijeriya da Nijar da Mali. Ashe duk ƙwarya ɗaya muke sha.

Ga misali a jiharmu. Kogin Gada yakan bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya zama Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Shi ke cika rijiyoyin fadamar Madarumfa da Maraɗi. Da aka gina madatsa a Jibiya, sai ruwan da masu lambu na can ke jira ya koma hannun wata gwamnati dabam.

Saboda irin wannan ne ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a Maiduguri a 1990, kan raba ruwan kwaruruka huɗu da adalci, har da na Gada. Ta haɗa da ruwan ƙasa mai ciyar da kogunan. A 2009 kuma Mali da Nijar da Nijeriya suka tsara takarda a Bamako domin su riƙa shawartar juna kan Iullemeden.

To, amma takarda ba ta cika guga. Ruwan kogi ana ganinsa, na ƙasa kuwa sai an auna, kuma kowace ƙasa tana ɓoye lissafinta ko ta rasa kuɗin yinsa. Bayan juyin mulkin Nijar a 2023 an rufe iyaka wata da watanni. Ruwan dai bai tsaya ba, shawara ce ta yi wuya.

Abin da ke tsakanin ƙasashe shi ne ke tsakaninmu a fadama. In ɗaya ya kafa inji yana zuƙa dare da rana, rijiyar maƙwabcinsa ce za ta ƙafe. Saboda haka kowace ƙungiya ta sayi littafi, ta ɗaura igiya mai ƙulli, a auna zurfin ruwan rijiyoyi farkon kowane wata. Kafin a haƙa sabuwar burtsatse, a zauna da na kusa. Mu da ke bisa tudu mu tare zaizaya, mu bar itatuwan bakin rafi, gama akwai masu sha a bayanmu.